Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Lafiyar Dabbobi da Raya Harkar Kifi ta Jihar Sakkwato kan lasisin kamun kifi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Mai girma Kwamishina, tare da daraktoci da ma'aikatan sashen kifi, ina gaishe ku da aiki, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku. Ni ɗan gidan masunta ne daga gefen Gulbin Rima. Karatu ya kawo ni birni, albashi ke ciyar da ni yanzu, amma da yawa cikin 'yan'uwana har gobe da koma da jirgi suke riƙe da gidajensu. Ni kuwa idan aiki ya sarara nakan ɗauki fatsa in nufi bakin ruwa don shan iska. Maganar da zan yi ta shafi aljihuna, ta kuma shafi tukunyar dangina.

Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu hulɗa da ruwa a jihar nan, a majalisun unguwa da rumfunan 'yan kifi: shin ya kamata duk mai jefa ƙugiya ko raga a ruwanmu ya riƙe lasisi, har da wanda ke yi don nishaɗi? Ɓangare ɗaya, galibinsu 'yan boko da suka ji yadda ake yi a ƙasashen waje, cewa suke yi kifi na ƙarewa, kuma fatar baki ba ta tsaron gulbi, don haka a sa wa kowa lasisi a sami kuɗin aiki. Ɗaya ɓangaren kuwa wani dattijo a danginmu ya gama faɗa musu abin da ke ransu da ya ce: "Wa az zuba kihi cikin gulbi, gwamnati ko Allah? In gwamnati ta, mu biya." Duka biyun akwai gaskiya a bakinsu. Nawa ra'ayin shi ne a yi lasisi, a kuma fara da ire-irena masu zuwa ruwa da cikakken ciki. Amma lasisin da kuɗinsa ba ya komawa ruwa haraji ne aka sauya wa suna, kuma irin wannan gara babu shi.

Masu kafa hujja da ƙasashen waje suna yawan tsallake gindin maganar. A Amurka akwai dokar da ake kira Dingell-Johnson, ta shekarar 1950, wadda ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa, ake tara kuɗin a raba wa jihohi don gyaran ruwaye da renon kifi. Sharaɗin da aka gindaya shi ne abin lura: jihar da ke son kasonta sai ta yi dokar da ta hana karkatar da kuɗin lasisin masu fatsa zuwa wani aiki da ba na hukumar kifi ba. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai ya riƙe lasisi kafin ya jefa fatsa a ruwan daɗi, na matasa zuwa shekara 16 kyauta ne, tarar wanda aka kama ba shi da shi tana iya kaiwa fam 2,500, kuɗin kuma a harkar kifi ake kashe shi. Ban da haka, daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni ana rufe koguna ga kamun yawancin kifayen cikinsu, saboda lokacin zuba ƙwansu ke nan. Mutanen can suna ƙorafi, suna gardama da hukuma kan nawa aka tara da inda aka kashe, amma suna biya, don suna iya bin sawun kuɗinsu har bakin ruwa.

Sai dai akwai bambancin da bai kamata a rufe ido a kansa ba. A kogunan Ingila kusan duk wanda ka gani da fatsa ɗan nishaɗi ne, abincin darensa na gida yana jiransa. A Rima da Gulbin Sakkwato da tafkunan Kware da Kalmalo abin a juye yake. Mu 'yan nishaɗi tsiraru ne: ma'aikata, 'yan kasuwa, malaman makaranta, wasu baƙi da aiki ya kawo. Ko an karɓi kuɗi mai tsoka a hannunmu duka, ba zai ɗauki nauyin tsaron dam ɗin Goronyo kaɗai ba. In aka ce dole sai lasisi ya zama hanyar kuɗin shiga, babu makawa hannu zai miƙa zuwa ga masu yawa, su ne talakawan masunta, da yaron da ya sare sanda ya ɗaura zare ya tono tana don ya kai wa mahaifiyarsa ƙurungu uku a sa a miya. Ina roƙonku, duk tsarin da za a yi, a cire wannan yaron da duk mai kamun abin da zai ci a gidansa da fatsa ɗaya. A cire matan da ke banda da suya, a cire ranar su ta gari, wadda ake buɗe tafki da rani a kaɗa ganga kowa ya shiga da homa da gora. Waɗannan a bar su hannun dattawan ruwa kamar yadda aka gada.

Mu kuma 'yan nishaɗi, kuɗi ba shi ne kaɗai abin da ya kamata a nema daga gare mu ba. A garin da yara ke karanta Risala tun suna ƙanana, mun san cewa a mazhabar Malikiyya farauta don wasa kawai makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal. Wannan ya isa ya sa mai fatsar shan iska ya kama kansa: ya ɗauki abin da gidansa zai ci, kada ya tara kifi a gaɓa don a ɗauke shi hoto, kada ya wahalar da rai a banza. Lasisinmu ya zo da iyaka rubuce a bayansa, kifi nawa a rana, kuma daga wane girma zuwa wane girma. Na fi damuwa da giwan ruwa. Manyan da kowa ke burin kamawa galibinsu mata ne, kuma babba ɗaya tana zuba miliyoyin ƙwai. Masunci da ya cire ta ya sayar ya biya bashi, ina iya fahimtarsa. Ma'aikaci mai albashi da ya cire ta don alfahari ba shi da uzuri. Sakin irin wannan uwa da rai, da gaggawa, ba tare da an ja ta a kan yashi ba, gyara ne, kuma ina ganin ya dace a wajabta mana shi.

Ranku ya daɗe, yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Ana ta gardamar takarda, alhali abin da ke rage kifi a ruwanmu ba fatsa ba ce. Kifin ƙasarmu ɗan fadama ne. Idan damina ta kankama gulbi ya ciko ya malala cikin ciyawa, a nan tarwaɗa da ramboshi ke haurawa su zuba ƙwai. A nan bargi ke share fili cikin ciyawar ruwa ya yi sheƙarsa, yauni ya haɗa tasa mai yawo a bisa ruwa, karfasa ta haƙa gurbinta a inda ruwa bai da zurfi, uwar ta ɗauki ƙwan a baki har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna samun abinci da mafaka a cikin malalar, su yi wata biyu ko uku suna girma, sannan ruwa ya fara janyewa da kaka su biyo shi su koma gulbi da tafkuna. Duk tsohon masunci ya san cewa shekarar da fadama ta sha ruwa sosai, ita ke haifar da kamun baɗi, kuma masana kifin kogunan Afirka sun auna sun tarar haka abin yake. Wanda ke riƙe da ƙofar dam, ashe, shi ke riƙe da rabon masunci.

Mun ga wannan da idonmu. An kammala dam ɗin Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kusa da Talata Mafara, lokacin duk muna jiha ɗaya. Binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da shi a shekarun da suka biyo baya ya nuna cikowar gulbi ta ragu ƙwarai, noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama suka tattara komatsansu suka nufi wasu ruwaye. Bayansa aka gina na Goronyo a kan Rima, aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, wanda birnin Sakkwato ke sha daga gare shi, manoman rani kuma suke ban ruwa da shi. Ba na cikin masu zagin dam. Ba don shi ba da bazara ta fi haka tsanani a kanmu, kuma tafkin da ya tara ya zama wurin kamun kifi ga dubban mutane. Amma a cikin lissafin buɗe ƙofa da rufe ta, akwai ruwan sha, akwai noman rani, akwai tsoron ambaliya irin ta watan Satumba na 2010 da ta cinye ƙauyuka ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kifi ne kaɗai ba shi da wakili. Ruwan da aka saki farat ɗaya yana wanke sheƙa da ƙwai. Wanda aka datse farat ɗaya yana barin 'ya'yan kifi a kududdufai, rana da tsuntsaye su gama da su. A farkon 2018 kuma jaridu suka ruwaito ruwan Goronyo ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da ya kamata ya ɗauka, saboda ƙarancin ruwan sama da cikewa da yashi. Wane lasisi ne zai tsare kifi a irin wannan shekara?

Na san ƙofofin ba a hannunku suke ba, suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ta tarayya ce. Amma ofishinta a garin nan yake. Abin da nake roƙo shi ne ma'aikatarku ta nemi kujera a wurin da ake tsara sakin ruwa na shekara, ta je da jami'in kifi da sarkin ruwa ko biyu, a nemi a riƙa saki a hankali a farkon damina yadda fadama za ta jiƙa ta daɗe, a kuma riƙa sanar da masunta kafin a buɗe. Wannan ba ya cin kuɗin kirki, kuma ina da yaƙinin zai ƙara kifi fiye da duk tarar da za a ci mutane a shekara goma.

Bayan ruwa sai kayan kamu. A nan laifin namu ne, mu masunta, kuma ba zan ɓoye shi don su dangina ne ba. Idon raga sai ƙara matsewa yake yi. Wanda a da ke kafa kalli mai faɗin ido, yau ya koma mai yatsa ɗaya. Gidan sauron da aka raba don tsare yara daga zazzaɓin cizon sauro, wasu sun ɗinke shi sun mai da shi taru, yana kwashe har abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a shanya a rana a sayar da mudu. Ana jera gura a toshe bakin ƙoramar da kifi ke bi ya hau fadama, a kama uwa da ƙwai a cikinta. Mafi muni masu zuba guba, tun zamanin Gamalin 20 har zuwa magungunan feshin gona na yau, waɗanda ke kashe komai a gurbi ɗaya, su kai kasuwa mutane su ci, shanu kuma su sha ragowar ruwan. Babu wanda ke yin wannan don bai san illarsa ba. Kowa cewa yake yi in na bari wani zai kwashe.

Kuma doka tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana amfani da guba da nakiya da wutar lantarki. Ta hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato inci uku, in ban da kayan kamun ƙananan kifin nan irin warangi. Ta iyakance tsawon ragar da jirgi ɗaya zai kafa zuwa mita 500. Ta ba Kwamishina ikon rufe wani yanki ko wani lokaci ga kamun kifi a jiharsa, ta ba Minista irin wannan iko a ruwan da jihohi suka yi tarayya a kansa. Lasisin da ta yi magana a kai na jirgin kamun kifi mai inji ne. Tarar da ke cikinta da darajar nairar wancan zamani aka rubuta ta, yau ba ta tsorata kowa. To, kafin a ƙaro sabuwar takarda, a raya wadda ke ƙasa. A karanta ta da Hausa a gidajen rediyo, a sassaƙa ma'aunin idon raga na katako a ba kowane sarkin ruwa, tunda masunci da yatsa yake awo, a kuma je wurin masu sayar da raga a kasuwa. Ya fi sauƙi a hana shigo da ƙaramin ido a rumfuna ƙalilan da a bi dubban jirage cikin dare.

Tsoron da dattijon nan ya furta kada a ɗauke shi jahilci. Mutanen ƙasar nan suna da dogon tarihi da haraji. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya soki sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora ba, ya ambaci jangali da kuɗin gari. Masunci kuma ya ji hadisin da ke cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Idan ka zo masa da rasit, waɗannan ne ke kansa. Amma addinin da ya ba shi wannan hujja shi ne ya ba shugaba ikon keɓe hurumi don maslahar jama'a, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Tarayya a ruwa ta haɗa da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Da wannan harshe za a shawo kan mutanenmu, ta bakin malamansu da hakimansu, kuma za su yarda idan sun ga cewa abin da aka karɓa tsaron ruwa aka yi da shi. Abin da ba za su yafe ba shi ne a ba wani ɗan kwangila aikin karɓar kuɗi, ya ɗebo samari su tsaya a mashigin jirage suna ƙwace koma. Ran da aka yi haka, an kashe maganar lasisi na shekaru masu yawa, kuma na farkon da za su sha wuya su ne ma'aikatanku na ƙauye.

Saboda haka nake ganin a buɗe asusu na musamman da doka ta kare, a rubuta cewa kuɗin lasisin kifi ba ya shiga babban asusun jiha ya ɓace. Kaso mafi girma ya tsaya a ruwan da aka karɓe shi: na Goronyo a Goronyo, na Lugu a Wurno, na Shagari a Shagari. A ƙarshen shekara a manna a ƙofar fadar hakimi, a karanta a rediyo, ga abin da aka tara, ga man jirgin sintiri, ga ragar da aka musanya, ga 'ya'yan kifin da aka zuba a wane tafki. Wanda zai fi biya shi ne mai babban taru da ma'aikata goma a ƙarƙashinsa, da mai jirgin inji, da attajirin da ke zaune a birni ya saya wa mutane raga suna kawo masa kamu, sai mu 'yan nishaɗi. Masuncin jirgi ɗaya ya biya abu kaɗan sau ɗaya a shekara, bayan kaka lokacin da hannunsa ke da danshi, kuma takardar ta zame masa kariya: wanda ya riƙe ta kada wani ya sake tare shi da sunan wani kuɗi, kuma idan tallafi ya zo da sunan masunta, da wannan rajista za a raba shi, ba da jerin sunayen da aka rubuta a ofis ba.

Wa zai riƙe littafin? Sarkin ruwa. Kafin a san wani abu wai shi ma'aikata, shi ke cewa wannan gurbi an rufe shi sai bayan girbi, wancan ba a shiga da taru, baƙon da ya zo daga Nijar ko Mali ko Yawuri ya fara zuwa gaisuwa a faɗa masa ƙa'ida. Ya san kowane jirgi da mai shi, ya san wanda ya kwana a ruwa jiya. Ƙarfinsa ya ragu ne don an bar shi da rawani babu doka a bayansa, wanda ya kama da guba gobe sai ya gan shi yana yawo. Ku dubi Argungu. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bikin kamun kifin nan ke gudana, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Kifin kilo 78 da aka fitar a 2020 bai faɗo daga sama ba. Matan Fada, gurbin gulbin da ake bikin a cikinsa, a rufe yake duk shekara ƙarƙashin idon Sarkin Ruwa, kuma ran da aka buɗe da homa da gora ake shiga. Abin da masana ke kira wurin da aka keɓe don kifi ya hayayyafa, kakanninmu sun daɗe suna yin sa. A tafkin Kainji ma, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990 ya kawo lasisi da hana babban tarun da ake ja zuwa gaɓa, kuma ya yi tafiya ne don an jawo sarakuna da shugabannin masunta cikin aikin. Darasi na biyu daga can shi ne kada a jingina tsari da kuɗin baƙi, don baƙo ranar tafiyarsa na zuwa. Ba ina cewa kowane sarkin ruwa waliyyi ne ba. A sa masa kwamiti da ya haɗa da matasan masunta, da wakiliyar mata masu banda, da jami'inku ɗaya, a riƙa duba littafin.

Rufe ruwa a lokacin ƙwai shi ne zai fi zafi, gara a faɗi gaskiya tun yanzu. Watannin da kifi ke hawa fadama, Yuli da Agusta, su ne watannin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, dillalin da ya ba da bashin raga kuma yana jiran kifinsa a farashin da shi ya yanke. Ka ce wa mutum a wannan hali ya jingine jirgi wata biyu, ba ka ba shi komai ba, ka umurce shi da abin da ba zai iya ba. Ina ganin a fara da kaɗan. A kowane ruwa a zauna da masu shi a zaɓi bakin ƙorama biyu ko uku da gurabun da kowa ya san nan uwaye ke taruwa, a rufe waɗannan kaɗai, sauran ruwa a bar mutane su nemi abinci da raga mai faɗin ido. Mai ƙaramin ido ya kawo a musanya masa da babba daga kuɗin asusun, a ba shi wa'adi, bayan wa'adin ne za a fara ƙwacewa. Idan shekara biyu ta zagayo suka ga girman abin da ke shiga komarsu, su da kansu za su nemi a ƙara wuraren. Kuma a tuna gulbi bai san iyakar jihohi da aka shata a 1991 da 1996 ba. Ruwan da ya baro Zamfara ta kanmu yake bi ya wuce Silame ya shiga Kabi ya faɗa Kwara. Idan mun rufe maƙwabta ba su rufe ba, masuncinmu zai ga an cuce shi, kuma yana da gaskiya. Kwamishinonin jihohin uku su daidaita lokacin rufewa ya zama ɗaya.

A gabashin jiha, wajen Isa da Sabon Birni da wasu sassan Goronyo da Rabah, akwai masuntan da 'yan bindiga suka raba da ruwansu ko suke karɓar kuɗi a hannunsu kafin su shiga. Waɗannan kada a nemi ko kwabo daga gare su sai tsaro ya dawo. A yi musu rajista kyauta.

Abu ɗaya da lasisi zai ba ku wanda ya fi kuɗin daraja shi ne ƙidaya. Gwamnatin tarayya ta sha faɗin cewa ƙasar nan na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan da yawa ba, shi ya sa kifin kwali na ƙanƙara ya cika kasuwanninmu. Kason Sakkwato a wannan lissafi daga bakin ruwa ya kamata ya fito: jirgi nawa ke Goronyo, wane irin raga, kilo nawa ke sauka a rana, wane kifi ne ya fara wuyar gani. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da sashen nazarin kifi, ɗalibanta kowace shekara suna neman abin da za su yi bincike a kai. A ba su sikeli da littafi da kuɗin mota daga asusun, su riƙa zama a manyan mashigai ranakun da aka tsayar, su auna, su kuma zauna da tsofaffi su rubuta sunayen kifayen da suka sani a da da wuraren da suke kwana. Mu 'yan fatsa ma a ɗora mana rubuta abin da muka kama a bayan lasisi, wanda bai dawo da nasa a cike ba kada a sabunta masa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ta daɗe tana irin wannan aiki, za ta iya horar da mutanenku.

Roƙona na ƙarshe, Mai girma Kwamishina: kafin a rubuta ko layi ɗaya na sabuwar ƙa'ida, a kira zama kafin faɗuwar damina mai zuwa, a yi shi a Goronyo ko Wurno ko Kware, a fili, da Hausa, a ranar da ba ta kasuwa ba don masunta su samu zuwa. A gayyaci sarakunan ruwa da hakimai, da mata masu banda, da dillalai, da masu sayar da raga, da hukumar koguna, da malaman jami'a, da mu 'yan fatsa. A fara da tambayar wuraren da za a rufe da yadda za a saki ruwa, maganar nawa za a biya ta zo daga baya. Idan an sa rana a sanar a rediyo da wuri, zan zo, zan kuma ɗauko dattawan gidanmu.

Allah ya taimake ku, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani ɗan masunta daga gefen Gulbin Rima, mazaunin Sakkwato